Mun Kai Malam Alƙahira a Tambaye Shi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai mu ya kuma maido mu. Tun da na fita takaba, duk wadda ta shigo gidana a Sabon Garin Maraɗi, da ta gama gaisuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Sa'a, yaya Masar ɗin take?" Matan islamiyyarmu sun tambaya, ƙawayena na koleji sun tambaya ta waya. Wasu an gaya musu wai hula aka sa wa Malam mai karanta zuciyar mutum. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk sanda na kai tsakiya muryata ƙin fita take yi. Shi ya sa na zauna na rubuta, mai son ji ta karanta.

Maigidana tela ne. Ciwon ya fara masa daga almakashi, yana cikin yanka sai ya suɓuce daga hannunsa. Daga nan ƙafa ta kasa taka keken ɗinki, sai harshe ya yi nauyi. Likitocin Maraɗi da na Yamai bakinsu ya zo ɗaya: ciwo ne mai kashe jijiyoyin motsi ɗaya bayan ɗaya, hankali kuwa yana nan garau, kuma ba a san maganinsa ba. Da magana ta ɗauke muka koma ƙifta ido. Daga baya fatar idon ma ta gaji, har ba na iya bambance amsa da gajiya. Abinci ta bututun hanci nake ba shi, in zai yi barci kuma na ɗaura masa abin rufe fuska mai hura iska.

Wata rana likitansa ya kira ni da yayan Malam, Alhaji Isuhu, ya ce numfashin na raguwa, abin fuskar ya kusa kasawa. Hanya biyu ce. Ko a huda maƙogwaro a haɗa shi da inji, ya ƙara shekaru amma a gadon asibitin da ke da wuta da ma'aikata ba yankewa, wanda da wuya a samu a nan. Ko a bar shi a gida har lokacinsa ya yi. Ya ce, "Wannan ba shawarar mata ba ce, ba ta ɗan'uwa ba ce. Tasa ce, tunda hankalinsa na nan." A Masar ya yi karatu, ya san wata likita a can mai aiki da na'urar da ke karɓar amsa daga ƙwaƙwalwar wanda ba ya iya motsi, kuma asibitinsu na yin aikin maƙogwaron.

Sai na gaya muku wane ne Alhaji. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe Malam, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya yi masa aure. In Alhaji ya shigo shago, Malam sauka yake daga kujera ya durƙusa, ko da masu ɗinki sun cika wurin. Ban taɓa jin ya ce masa a'a ba. Da muka fito daga wurin likita Alhaji ya ce mini, "Ni tambayar ba ta dame ni ba, aikin za a yi. Amma tunda sun ce sai ya amsa, mu tahi ya amsa."

Kafin mu kama hanya muka je Tsibiri sallama da Inna, mahaifiyarsu. Ba ta iya fitowa har bakin titi ba, sai aka matso da mota ƙofar gida. Ta leƙa ta taga ta daɗe tana dubansa, ta gyara masa hula, ta ce, "Ka yi haƙuri da abin da Allah ya ɗora ma." Ta miƙo mini gorar ruwan addu'a. Ni kaɗai ta jawo gefe ta ce, "Ƴar nan, kar ku bar mini shi can." Na ce to, ban san abin da nake amsawa ba.

Washegari muka bi ta Jiratawa na ajiye yara wurin ƙanwata. Ƙaramar ta ƙi sakin ƙafar keken marasa lafiya da muke tura babanta a kai, sai da aka yaudare ta da zuwa gonar zogale. Daga nan muka miƙa Ɗan Isa, garin bakin iyakar Najeriya.

A iyaka, ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba, don duwan ɗin, wato kwastan, sun san Alhaji da motocin hatsinsa. A ɓangaren Jibiya ne wani jami'i ya karɓi fasfo ya ce kowa ya sauko. Muka sauka, Malam na kwance a baya. Jami'in ya buga jikin mota ya ce, "Oga, da kai nake. Ina za ka?" Ya sake tambaya da ƙarfi. Alhaji ya fara huci, ni kuwa na buɗe ƙofar baya kawai. Da mutumin ya ga bututu a hanci da idon Malam a buɗe yana kallonsa, sai ya cire hularsa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban sani ba." Da kansa ya kai takardun ya dawo da su, ya ƙara mana da ruwan leda mai sanyi. Abin da ya tsaya mini shi ne na san Malam ya ji komai, kuma da yana da baki shi zai fara ba jami'in haƙuri.

Hanyar Katsina zuwa Kano ta wahalar da shi. Kowane rami kansa sai ya karkace, sai na zauna ƙasan mota na tallafe shi da hannu biyu. A Kano muka sauka gidan wani abokin cinikin Alhaji. Mutanen kirki ne, matarsa ta ba mu ɗakinta. Da rana tsaka wuta ta ɗauke Malam na barci da abin fuska. Na fito ina cewa a tada gurup, matan gidan suna kallona, sai da na nuna injin da hannu sannan ɗayarsu ta ce, "Au, janareta." Kafin a tada shi leɓen Malam ya fara canja launi. Tun daga ranar na daina yin nisa da shi ko da zuwa alwala ne.

A filin jirgi wata ma'aikaciya ta ciro gorar Inna ta ce ruwa ba ya wucewa. Na ce na addu'a ne. Ta ce ta sani, ita ma uwa gare ta, amma doka ce. Sai na tsaya nan gaban layi na shafe masa fuska da hannuwa da ƙafafu da shi, sauran na shanye. Ba wanda ya ce mu yi sauri. Cikin jirgi maza huɗu suka ɗauke shi kamar buhu, rigarsa ta yaye har ciki. Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba. Na rufe shi da mayafina, ban dubi taga ba har muka sauka.

A Alƙahira kayan miyata suka jawo mana tsaiko. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya ja baya, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Alhaji da ɗan Larabcinsa na aikin hajji yana ta nuna baki yana cewa abinci ne. Suka riƙe daddawar, suka bar mini kuka da yaji.

Wanda ya tarbe mu Malam Bashir ne, mutumin Damagaram. Karatu ya kai shi tun yana saurayi, ga shi gemu ya yi fari bai koma ba, aikinsa karɓar marasa lafiya daga gida da yi musu tafinta. Ya kama mana ɗakuna a saman wani dogon bene. Akwai asansar, wato akwatin ƙarfen nan mai hawa da mutane, amma keken Malam bai shiga ba. Duk ranar asibiti sai maigadin benen, wani dattijo mai suna Ammu Sayyid, ya ɗora shi kan kujerar kicin, ya rungume shi ta baya su sauka tare. Yana yi yana yi masa hira da Larabci kamar tsohon abokinsa, yana amsa wa kansa.

Mutanen can suna da abin mamaki. Magana suke kamar faɗa, sai ka ga sun rungumi juna. Gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gajiya da iyali da sanyi, har na riƙa jin kamar na yi wa mutum laifi. Mace ba ta saukowa sayen kaya, kwando take zurowa da igiya daga sama mai shago ya zuba mata. Gurasa a shimfiɗe bakin titi ba rufi. Da safe dafaffen wake da mai, da rana wani haɗi na shinkafa da taliya da ƙananan wake a kwano ɗaya. Alhaji ya duba ya ce, "Wanga kamar an share kicin an zuba muna." Amma ya cinye. Ni a tsaye nake ci a kicin, don ba na iya tauna abu Malam na jin ƙamshi. Wata maƙwabciya ta aiko mana da abinci, na mayar da kwanon da tuwon semo da miyar kuka. Ban san ko ta ci ba, amma ta sake aikowa. Aka yi rasuwa a layinmu, sai na ga an kafa rumfa mai ado a tsakiyar titi, an jera kujeru, an ɗauko mai karatu da lasifika, ana raba gahawa. Na rufe taga don kar Malam ya gane, sai na tuna ya fi ni sanin surorin da ake karantawa.

Likitar sunanta Dakta Nuha. A Faransa ta ƙaro karatu, don haka da ni take magana kai tsaye da Faransanci, Malam Bashir na juya wa Alhaji. Ɗakin aikinta ƙarami ne, ba kamar yadda na zata ba. Hular kamar raga take, da ƙananan maɓallai a jiki da wayoyi masu zuwa kwamfuta. A ƙarƙashin kowane maɓalli ana matsa wani abu mai kauri kamar koko mai sanyi. Na tambaye ta abin da ke cina tun daga gida, na ce Allah kaɗai ya san abin da ke cikin zukata, yaya inji zai sani? Ta ce, "Ba ta karanta zuciya, madam. In mutum ya raya a ransa yana motsa hannu, wani gefen ƙwaƙwalwa ke tashi. In ƙafa ce, wani gefen. Wannan kaɗai take gani." Da ta ji tela ne ta yi murna. Ta ce in zai ce i, ya raya yana yanka yadi da almakashi. In a'a ne, ya raya yana taka keke.

Sai ta nuna mana abu na biyu. A ƙarƙashin amsar akwai wata sanda koriya a allon. In mutum ya tsaya kan abin da ya zaɓa, ƙwaƙwalwa na tafiya wuri ɗaya da sauri, sandar ta cika. In yana kai-komo, sai ta tsaya a hanya tana rawa. Ta ce da masu lafiya suka fara aikin, likitoci masu duba hoton ƙirji, don in sun saɓa a san wanda ya tabbata da wanda bakinsa kawai ya tabbata, a yanke shawara mafi kyau. Daga baya ta ga marasa lafiya irin Malam sun fi kowa bukata.

Kafin a yi babbar tambaya sai na'urar ta koyi kansa, da tambayoyin da kowa ya san amsarsu. Da Hausa za a yi, a ɗauki murya ɗaya, ita zai riƙa ji ta abin kunne kullum. Dakta ta miƙo mini abin ɗaukar murya ta ce in fara da tambayarsa ko sunansa kaza ne. Na buɗe baki, ga Alhaji zaune, ga Malam Bashir, ga shi kansa yana kallona. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kiran sunan nan ba. Na tsaya ina juya abin a hannu. Alhaji ya ce, "Ba ta iyawa. Miƙo nan." Dakta ta tambayi dalili, na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce su kuma a wurinsu sunan uwa ne namiji ba ya faɗi cikin mutane. Muka wuce wurin kamar ba komai. Daga ranar duk tambayar da ta shiga kunnen Malam da muryar yayansa ta shiga. Sunan da na kasa faɗi, yanzu zan rubuta shi, amma a bakin Alhaji.

"Sunanka Habu?" Muka zuba wa allo ido. Kwanakin farko shirme ya riƙa fitowa, Malam na gajiya da wuri, ni kuma in koma masauki in wanke masa kai daga abin nan mai danƙo. Sannu a hankali na'urar ta fara kamawa. Sunanka Habu, i. A Yamai aka haife ka, a'a. Kai mahauci ne, a'a. Ranar da ta jera amsoshi daidai, sandar na cika kowane karo, na fita baranda na yi sujada a kan tayil. Wata da watanni ina juya mutum ina wanke shi ban san ko yana jin zafin hannuna ba.

Alhaji ma ya saki jiki. Ya ce a ƙara tambaya ɗaya da duk Maraɗi ta san amsarta. "Habu, tsakaninka da Allah, ka taɓa gama ɗinkin Salla kan lokaci?" Allo ya nuna a'a, sandar ta cika taf. Alhaji ya yi dariya har da tari yana cewa, "Kun gani ko? Maƙaryacin tela, yau inji ya kama ka." Ni ma na yi. Rabona da dariya tun kafin azumi.

Ta bakin Alhaji na gano ƙugunsa na hagu na ciwo in na kwantar da shi ta nan. Na gano ba ya son a kashe rediyo in an ga ya lumshe ido. Na gano kunun da nake ba shi ya yi masa zafi da yawa, kuma ya daɗe yana haƙuri.

Sai aka zo kan abin da ya kawo mu. Dakta ta yi bayani, Malam Bashir ya juya wa maigidana dalla-dalla: in an huda maƙogwaro zai iya ƙara shekaru, amma a asibitin nan ko irinsa, ciwon kuma ba zai tsaya ba. In ba a yi ba, lokacin gajere ne. Aka bar shi ya kwana da maganar. Da safe muryar Alhaji ta shiga kunnensa: "Habu, ka yarda a yi maka aikin maƙogwaro?"

Amsar ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, i ce. Sandar kuwa ko rabi ba ta kai ba, tana gaba tana baya. Alhaji ya miƙe ya ce alhamdu lillahi. Dakta ta ce a sake gobe. Aka sake, aka kuma sakewa wata safiyar, ana cakuɗa ta da tambayar suna da ta gari. Suna ya cika sanda, gari ya cika sanda, aikin maƙogwaro i ne mai rawa.

Alhaji ya ce, "Ya ce i. Mi kuma ake jira?"

Dakta ta ce, "Ya ce i, amma ba irin wadda yake faɗi in an tambaye shi sunansa ba. Ba zan kai mutum ɗakin tiyata da wannan ba."

Malam Bashir ya sassauta maganar kafin ya juya, amma Alhaji ya gane daga fuskarta. Ya ce, "Ni na goya yaron nan a bayana. Inji za ya gaya mini abin da ƙanena ke so?" Ya fita, ya bar takalminsa ɗaya a bakin ƙofa sai da Malam Bashir ya bi shi da shi.

Dakta ta ja ni wani ɗaki ta ce, "Tsoron yayansa yake ji?" Na ce ba tsoro ba ne. Na nemi kalmar kara a Faransancina na rasa. Na ce mata a wurinmu wanda ya riƙe ka in ya nuna abin da yake so, ba ka mayar masa da hannu, ko da kai za ka cutu. Ta dafe kai ta ce da ta sani da ba ta bari a ɗauki muryarsa ba. Muka gwada da tawa wata safiya, Alhaji na waje. Na'urar ba ta saba ba, amsoshin suka watse, Malam ya gaji ya yi barci. Ta ce sake koya mata zai ɗauki lokaci, numfashinsa kuma ba zai jira ba. Na ce ko ta koya, ya san wanda ke zaune bayan ƙofa.

Na tambayi Malam Bashir ko zunubi ne mutum ya ƙi irin wannan aiki. Ya ce abin da ya karanta, in likitoci sun tabbatar ciwo ba ya warkewa, ba a tilasta wa mara lafiya, kuma ba a kiran wannan kashe kai. Na yi istihara. Ban ga komai a mafarki ba, sai dai na tashi da abu ɗaya a raina.

Bayan la'asar na sami Alhaji a falo yana jan carbi. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai gaisuwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Alhaji, ina neman arziki. Tambaya ɗaya aka yi mishi. A yi mishi ɗayar."

Ya ce, "Sa'a, kin san abin da kike cewa? In na tambaye shi mu koma ya ce i, da bakina na kashe shi."

Na ce, "Rai na Allah ne, Alhaji. Amma duk abin da ka nema wurinshi i za ya ce. Sandar ce kaɗai ba ta jin kunyarka."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Ranar bai ci abinci ba.

Da safe a asibiti shi ya nemi abin ɗaukar murya. Kafin a sa wa Malam abin kunne, ya sunkuya kansa ya ce, "Habu, ni ne. Ko wane ka ɗauka ba ni hushi, duniya da lahira. Ka ji ko?" Sannan ya ɗauki tambayar. Sai da ya maimaita, don karon farko muryar ta karye. "Habu, mu tahi gida?"

Ban gama ɗaga ido ba amsar ta fito. I ce, sandar ta cika har ƙarshe ta tsaya cak. Dakta ta sa aka maimaita a safiyoyi dabam-dabam, tana sauya jerin tambayoyin. Gida, i cikakkiya. Aikin maƙogwaro, i mai rawa, kamar da. Har muka bar Masar bai ce wa yayansa a'a a kan aikin nan ba.

Dakta ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce na'urar na kuskure, ba za ta rantse a kanta ba. Amsa biyu ya bayar kuma duka i ne, bambancin sanda ne kawai, ita kuwa sanda ba ta yanke hukunci, mutane ke yankewa. Ta ƙara da abin da ban yi tunani ba: hular ba ta barin ɗakin nan, aikin gwaji ne, sai da ita da kwamfutarta. In mun tafi, ya koma shiru. Aka gaya masa wannan ma, aka sake tambaya. Sandar ba ta ragu ba. Alhaji ya dubi Malam Bashir ya ce a nemo mana jirgi.

Zaman ƙarshe Dakta ta ce mu tambayi abin da muke so. Aka tambaye shi ko yara su ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, i. Ko a sayar da keken ɗinkinsa, a'a. Sai Alhaji ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ke ba ki da magana?" Na faɗa masa a hankali, kaina a ƙasa. Ya gyara murya ya ce, "Habu, iyalinka na neman gahwara. Ka yahe mata?" Sandar ta cika. Na sa mayafi a baki. Muka jira Alhaji ya yi tasa, har Dakta ta miƙa masa abin. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ajiye ya ce yaron ya gaji, a cire masa. Na gane. Ya san i zai samu. Sandar ce ba ya son gani.

Dakta ta cire hular da hannunta, ta sumbaci goshin Malam, abin da a gida ba a yi, amma ban ji haushi ba. Ammu Sayyid ya sauko da shi karo na ƙarshe yana kuka yana hirarsa.

Dawowa ba ni da abin faɗi da yawa. Hanyar ce dai, da ramukanta, ni a ƙasan mota. Mun shigo Maraɗi damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Alhaji ya sa aka kafa mana batirin hasken rana saboda abin fuska. Na kwantar da shi ta dama, na bar rediyo a kunne, na riƙa huce kunu sosai. Teloli abokansa suna zuwa su zauna su yi masa gulmar kasuwa. Aka ɗauko Inna ta zauna da mu. Kafin a fara girbi, wata safiya bayan na gama shafa masa mai, numfashin ya yi ta nisa da juna har ya tsaya. Yara na gida, liman ya samu ya zo. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ina cikin takaba Alhaji ya zo kawo hatsi. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya daga zaure ya aika a kira ni, na zo na tsaya bayan labule. Muka gaisa. Sai ya ce, "Sa'a, ke kin yi boko, kin ji abin da matar nan ke faɗi. Da na ce mishi mu tahi gida, sandar nan ta cika don shi ke so, ko don ya ji muryata ta karye ya zaci ni na gaji?"

Wannan tambayar ni ma ina kwana da ita. Dakta ba ta da amsarta, na'urar ba ta da ita, wanda ya sani kuma an rufe shi. Na dubi ƙafafun dattijon ta ƙarƙashin labule, sun yi ƙura, da ƙafa ya zo daga kasuwa.

Na ce, "Shi ya zaɓa, Alhaji."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tafi. In na faɗi abin da ya wuce sanina, Allah ya yafe mini. Ku da kuka karanta, ku sa su biyun a addu'a.